Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa kan yadda aka bar tambarin Najeriya kara zube

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaban Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, wato NOA, da daraktanku na jihar Legas da sauran ma'aikata manya da ƙanana, ina miƙo gaisuwa ta girmamawa. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙo.

Ni ɗan Agege ne, nan aka haife ni, kakana ne ya gangaro daga ƙasar Katsina da fataucin goro ya zauna a Zango har Allah ya yi masa rasuwa. Sana'ata buga takardu da yanka hatimi da ɗinkin baji na kwamfuta, a Shomolu na koyi aikin shekara shida kafin na buɗe ɗan shagona. Wannan takarda da yawun mutane da dama na rubuta ta: abokan sana'ata Hausawa da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, da wasu malaman makarantun unguwa, da iyayen yara irina. Mun zauna bayan sallar Juma'a har sau biyu a kan maganar, aka ce tunda kai ne hannunka ke kan kwamfuta kullum, kai za ka rubuta.

Abin da ya tayar da maganar ƙarami ne a ido. Ɗiyata 'yar aji huɗu aka ba su aikin gida su zana tambarin Najeriya su shafa masa kala, ta kwaikwaya daga kalandar da ke rataye a shagona, ta yi furannin da ke ƙasa ruwan ɗorawa. Malamarsu ta ja mata jan biro ta ce kuskure ne, ja ne, ga shi nan a littafi. Yarinya ta dawo idonta ya ciko da hawaye ta ce Baba ai kai ke buga shi, wanne ne daidai? Na buɗe kwamfuta zan nuna mata, sai na tarar ni kaina ina da tambarin iri biyar a ajiye kuma babu biyu da suka yi daidai da juna, wani furensa ja, wani ɗorawa, wani mikiyarsa ta yi kiba kamar zakara, wani ma rubutun da ke ƙasa guntu ne. Shekara goma sha ina buga abin nan a takardun mutane ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Wallahi ranar ban iya ba ta amsa ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

To shi ne kukanmu na farko, ranka ya daɗe. Mu masu buga takardu ba mu da wani tsayayyen zane guda ɗaya da za mu ce ga na gwamnati. Kowa intanet yake shiga ya sauko da wanda ya fara cin karo da shi, wani hoton ya dushe sai yaron shago ya sake zana shi da hannunsa yadda ya ga dama, daga nan shi ma ya zama asali, wani ya kwafa daga gare shi. Na ga tambarin da dawakansa suka koma ruwan toka saboda tawada ta yi ƙasa a injin, na ga wanda aka ja shi a kwamfuta don ya cika fili har dawakan suka miƙe kamar kadangaru, na ga bajin da aka ɗinka wa 'yan wata makaranta an bar furen gaba ɗaya saboda wai zare yana tsinkewa a wurin. Idan ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ma da laifinmu, ban musa ba. Amma kwastoma ya tsaya a kanka yana sauri, ba ka da inda za ka duba ka tabbatar, me za ka yi?

Bari na ɗan tsaya kan furen nan domin shi ne ya fi taɓa ni. Da na bi diddigi sai na ga sunansa a littattafan ilimin tsirrai Costus spectabilis, kuma a daji furensa ruwan ɗorawa ne sak, ganyensa huɗu ne masu faɗi da kauri, shimfiɗe a ƙasa kamar an jera faifai, furen ya fito a tsakiya idan damina ta kama. Na nuna hoton a waya ga wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe kusa da masallacinmu, ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ce ai wannan takalmin zomo ne, muna yara muna kiwo muna taka shi a gindin itatuwa. Na ce Baba ka san shi ne furen ƙasa, shi ne a ƙasan tambarin da ke jikin kuɗin aljihunka? Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce yau shekarata saba'in da wani abu ba wanda ya taɓa gaya min. Ku duba fa, abin da ke da suna a harshenmu, wanda iyayenmu suka sani tun suna yawo ba takalmi, an ɗora shi a alamar ƙasa amma an bar mu muna haddace sunansa da Latin muna faɗuwa jarrabawa a kansa. Kuma har yanzu yawancin tambarin da ke yawo da jan fure ake buga su alhali tsiron kansa ɗorawa ne. Wannan ba abin da malamar firamare ko mai shago zai yanke ba ne, hukuma ce za ta fito ta ce ga kalar da za a bi.

Kuka na biyu ya fi wannan girma. Ba a taɓa zama an yi wa talaka bayanin tambarin nan da harshen da yake ji ba. Ni sai da na girma na tara iyali sannan na haɗa ma'anar da kaina, kuma da na haɗa sai na ga ashe labarinmu ne a ciki. Baƙar garkuwar nan ƙasar noma ce, albarkar ƙasa, wadda duk buhun masara da kwandon tumatir da ake saukewa a Mile 12 da asuba daga cikinta ya fito. Farin zanen nan mai kama da harafin Y kogin Kwara ne da Binuwai, Kwara ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar ya shafi iyakar Benin ya shigo mana ta Kebbi, tafiyar sama da kilomita 4,000, Binuwai kuma ya fito daga tuddan Adamawa ta ɓangaren Kamaru ya bi ta Yola da Makurɗi, suka haɗu a Lokoja suka gangara teku tare. Wane Bahaushen Legas ne bai san wannan ruwa ba? Duk mai zuwa gida da salla sai ya haye shi, ko ta gadar Jebba ko ta hanyar Lokoja, direbobin tirela masu kawo shanu da albasa wasu sau biyu a mako suke hayewa, mutum ya leƙa ta taga ya ga ruwan ya ce alhamdulillahi mun kusa. Fararen dawakai biyu martaba ce da mutunci, kuma ba sai an koya wa wanda ya taɓa ganin hawan daushe ko hawan Nasarawa mene ne doki a wurin sarauta ba. Jar mikiyar da ke sama ƙarfi ce, abin da ta taka mai kore da fari kalar tutarmu ce.

Na taɓa yi wa wani direba abokina wannan bayanin yana jiran na gama masa rasit, ya ciro naira ɗari biyu ya juya ta yana nema har ya gano tambarin, ya ce to ai ni a kan wannan layin nake kwana nake tashi. Tun daga ranar idan ya kira ni daga hanya sai ya ce ina daidai tsakiyar garkuwa. Magana ta minti uku ce fa ta jawo haka.

Akwai 'yan uwanmu 'yan Nijar da yawa a nan Legas, masu gadi da masu shayi da 'yan kasuwa, ku tambayi ɗaya daga cikinsu tambarin ƙasarsu. Da yawansu za su gaya maka akwai rana a tsakiya, da zangarniyar gero uku, da kan sa, da mashi da takubba biyu irin na Buzaye, domin da gani mutum ya ga gidansu. Na Ghana akwai bishiyar koko da ramin haƙar zinariya da baƙin tauraro. Namu ma haka yake cike da kayan gida, bambancin kawai mu ba a nuna mana ba.

Sai rubutun da ke ƙasa. A 1960 kalmomi biyu ne kawai, Unity and Faith, duk wanda ke da tsohon kwabo na 1973 lokacin da naira ta fara aiki ya duba zai gani. A 1978 aka ƙara Peace and Progress, kuma tsarin mulkin 1999 a sashe na 15 ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a matsayin taken ƙasa, wato kirarinta ba na waƙa ba. Amma har gobe ana buga mai guntun rubutun, ɗaya daga cikin biyar ɗin da na samu a kwamfutata irin sa ne, wato shekara arba'in da wani abu muna buga tsohon yayi ba mu sani ba. Sannan fassararsa da Hausa kowa da tasa. Haɗin kai mun yarda, zaman lafiya da ci gaba ba gardama, amma kalma ta biyu wani malami ya ce imani, wani ya ce amana, wani ya ce yarda da juna, har gardama ta kaure a zamanmu tsakanin malamai biyu kuma kowannensu da hujjarsa. Imani da Allah ake nufi ko amincewa da ƙasa da juna? Yaro ya tambaya, me za a ce masa? Kenya da Sawahili suka rubuta nasu, Harambee, Tanzaniya ma Uhuru na Umoja, Afirka ta Kudu da ta sauya tambarinta a shekarar 2000 ta ɗauko taken daga harshen mutanen farko na ƙasar. Mu ba mu ce a cire Turanci ba, mun san ƙasar harsuna ɗaruruwa ce kuma taɓa wannan wurin tayar da ƙura ne. Amma ku tuna taken tsohuwar Jihar Arewa na zamanin Sardauna, Aiki da Ibada, jihar ta rushe tun 1967 amma har yau dattawa a Zango suna faɗinsa ba tuntuɓe, saboda da harshensu suka ji shi.

Kuka na uku shi ne mai ciwo, domin a nan ake cutar mutane. Bahaushe da ya tashi raɗa wa wannan alama suna sai ya ce tambari, kuma wanda ya san tambari ya san nauyin sunan. Ganga ce ta sarauta, a fada take zama, akwai Sarkin Tambura mai kula da ita, ba a kaɗa ta a gidan biki ko a dandali, sai naɗin sarki ko salla ko wani babban al'amari, da an ji amonta kowa ya san daga sama magana ta fito. Kuma tun kafin Turawa mun san alamar mulki, sarakunanmu suna da hatimin da suke bugawa a wasiƙa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tuta ya riƙa ba waɗanda ya tura Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa, wanda ba shi da tuta ba shi da izini. Su ma Turawan da suka kawo wannan salon na garkuwa da dabbobi biyu a gefe, asalinsa a ƙarni na 12 ne lokacin da mayaƙansu ke rufe jiki da sulke da kwalkwali har ba a gane fuska, sai kowa ya zana alamarsa a garkuwa don a san na wa ne, daga baya ya zama gadon gida, ya zama na birane da ƙasashe. A Landan akwai ofishi guda tun 1484 wanda aikinsa kenan, ya tsare wa kowa alamarsa kada wani ya ɗauki ta wani. Namu ma ta wannan hanyar ya zo, ranar 20 ga Mayu 1960 Sarauniya Elizabeth ta amince da shi, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin a sauke tutar Ingila a filin sukuwa na nan Legas. Kafin nan alamar 'yan mulkin mallaka ce, tauraro mai tsini shida, wanda ke jikin kwabo mai huji da anini, kakata tana da su a cikin kwalla har ta rasu. Duk inda ka duba, a wurinmu da wurinsu, ma'anar ɗaya ce: alamar nan ba ta kowa da kowa ba ce ya ɗauka ya buga.

Yau a Legas tambarin ƙasa ya zama gangar da kowane yaro ke kaɗawa. Mota za ta wuce ka a Ikorodu Road gilashi baƙi ƙirin, an cire lamba an maƙala tambari a wurinta, ba ka san ko jami'i ne ko ɓarawo ba. Ana sayar da sitikarsa a go-slow tare da cingam. Ƙungiyoyin da ba su da rajista ko ta sisin kwabo suna buga shi a katin shaida da rasit, su tare mai tura baro ko mai ruwa ko mai gyaran takalmi da ya zo cirani jiya-jiya, bai iya karatun boko ba, da ya hango dawakai biyu da mikiya a takarda sai jikinsa ya yi sanyi ya zaro kuɗi ya miƙa, a zatonsa gwamnati ce. Sau uku a bana ana kawo min irin wannan aikin, na ƙarshe wani ne ya zo da kaftani mai tsada ya ce na yanka masa hatimi mai tambari na buga masa bandir ashirin na rasit, na ce ina takardar izini daga ofishin da ya aiko ka, ya yi dariya ya ce Alhaji kai dai faɗi kuɗinka. Na ce ba zan yi ba. Ya fita, kuma na tabbata kafin la'asar ya samu wanda ya yi masa, saboda ba kowa ne zai iya mayar da kuɗi a wannan marra ba.

Wanda ya fi ƙona min rai wani ƙanin matata ne, yaro mai digiri, ya shekara uku yana neman aiki. Aka haɗa shi da wani ta waya, aka turo masa takardar ɗaukar aiki mai tambari a sama da hatimi a ƙasa da sa hannu da koren biro, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnenta aka biya. Da ya kawo min takardar yana murna, kallo ɗaya na yi mata gabana ya faɗi, domin tambarin mai guntun rubutu ne kuma an matse shi ya karkace. Ni da nake wannan sana'ar na gane, shi ina zai gane? Da a ce tun yana firamare an nuna masa sahihin da kyau, an kuma gaya masa tambari a takarda ba shi ne shaidar gaskiya ba sai ka je ofis ka tabbatar, wataƙila da tumakin nan suna nan. Har yau yaron ba ya son a tayar da zancen.

Doka kuwa akwai ta, dokar tuta da tambari tun ta 1960, ta hana amfani da su ba da izini ba. Amma tarar da ke ciki naira 100 ce. Ranka ya daɗe naira 100 yau ko kuɗin mota daga Agege zuwa Oshodi ba ta kai ba, wanda ya karɓi dubu ɗari biyar a hannun marainiya da takardar bogi wace naira 100 za ta tsorata shi? Kuma yawancin abokan sana'ata ba su ma san da dokar ba sai da na karanta musu a zamanmu.

Na huɗu gajere ne amma dole na faɗa. Na je wani ofishin gwamnati karɓar takardar haihuwar ɗana, ba zan kama suna ba, tambarin da ke saman ƙofa na siminti ne, doki ɗaya ƙafarsa ta gaba ta karye ƙarfe ya fito, mikiyar ta koɗe ta koma ruwan hoda, yanar gizo-gizo ta lulluɓe rubutun. A ciki kuma hoton shugabanni sabo fil cikin gilashi ana goge shi kullum. Shugaba shekara huɗu ko takwas zai yi ya tafi, tambarin yana nan tun 1960. Idan gidan gwamnati bai girmama shi ba da wane baki za a ce wa ɗan acaɓa ya girmama?

Kada ku ɗauka mu masu ƙorafi ne kawai. Mu nan Legas mun fi kowa buƙatar alamar nan ta yi daraja, domin mu ne kullum ake tambaya daga ina kuka zo, yaushe za ku koma, ko da kuwa kakanka a nan aka binne shi. Idan rikici ya tashi a kasuwa tsakanin mutum biyu sai ya koma na ƙabila, mu kwana ido biyu. Jihar Legas tana da nata tambarin mai wuri da bishiyar kwakwa da takenta na adalci da ci gaba, muna girmama shi, a ƙarƙashinsa muke cin abinci muke biyan haraji. Amma na tarayya shi ne wanda ni da maƙwabcina Bayarabe da mai shagon kusa da ni Ibo muke da hannun jari daidai wa daida a cikinsa, shi ne a bangon fasfo ɗina da nasu. Bayan abin da ya faru da ɗiyata na ɗauke ta da ƙannenta biyu ranar Asabar muka hau bas ɗin BRT har dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, na nuna musu manyan fararen dawakai da jajayen mikiyoyin da ke saman ƙofar shiga, na ce kun ga waɗannan, daga tambari aka ciro su, kuma filin nan sunan mutumin Bauchi yake ɗauke da shi a tsakiyar Ikko. Ƙaramin ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Suka yi ta tambaya har muka dawo gida.

Don haka ga roƙonmu, kuma muna yi ne da ladabi.

Ku fitar da zane guda ɗaya tak na tambarin, mai tsabta wanda za a iya ƙara masa girma bai fashe ba, da lambobin kala na injin buga takardu da na zaren ɗinki, ku sa shi inda kowa zai sauke kyauta, ku kuma aika wa ƙungiyoyin masu buga takardu na Shomolu da Mushin da Agege da masu wallafa littattafan makaranta. A ciki ku yanke maganar furen nan, ja ko ɗorawa, a huta. Idan ra'ayinmu kuke so, mu dai mun ce a bi yadda Allah ya halicce shi.

Ku zauna da masana harshe na jami'o'inmu ku fitar da fassarar taken da ke ƙasan tambarin da bayanin kowane sashe na tambarin da Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri da duk harshen da hali ya ba da, na Hausa a yi shi da boko da ajami domin akwai dubban mutanenmu a Alaba Rago da Mile 12 da ajami kaɗai suke karantawa, kuma a rubuta takalmin zomo da sunansa. Shafi ɗaya ya isa. A karanta a rediyo, a yi ɗan gajeren sauti na WhatsApp, a ba limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni, su sun san yadda za su isar. Lokacin da aka sauya taken ƙasa na waƙa a watan Mayun 2024 cikin 'yan makonni yaran firamare suka haddace, ashe idan an so a isar da abu ana iyawa.

Ku kai maganar tarar nan gaban majalisar tarayya a gyara ta ta dace da zamani, a bambanta tsakanin yaron da ya zana don makaranta da mutumin da ya buga don ya damfari jama'a. Mu kuma a ba mu ƙa'ida a rubuce: wa ke da izinin ya sa a yanka masa hatimi mai tambari, wace takarda zai nuna, wace lamba za mu kira idan muka ga abin da bai kwanta mana ba. Da yawanmu za mu ƙi aikin banza idan mun san akwai wanda zai tsaya mana.

Ku rubuta wa ofisoshin gwamnati su gyara nasu, buhun siminti ɗaya da gwangwanin fenti uku ne. A ƙofar dandalin Tafawa Ɓalewa kuma da za a kafa allo mai bayanin dawakan nan da mikiyoyin da harsuna huɗu ko biyar, da iyaye irina sun samu abin karanta wa yara.

Mu ma ga namu. A zamanmu na ƙarshe shaguna tara suka yi alkawarin cewa ranar da sahihin zanen da fassarar suka fito, kowane shago zai buga kwafi ɗari biyu da kuɗinsa mu raba wa makarantun boko da Islamiyyu na unguwanninmu, ni kuma na ɗauki nauyin ɗinka baji kyauta ga 'yan ajin ɗiyata har da malamarsu. Takarda da tawada suna nan a ajiye. Muna fatan ya iso mu kafin 1 ga Oktoba mai zuwa domin mu raba a ranar.

Allah ya ƙara girma, ya ba ku ikon dubawa. Wassalam.

Naku,
Mai shagon buga takardu da ɗinkin baji,
a madadin abokan sana'a, malamai da iyayen yara,
Agege, Legas.